Yadda Ake Ajiye Kat-kat Wata Biyu ko Uku a Zafin Garwa, Batir Bai Mutu Ba

Duk shekara in alhazai sun dawo, ko 'yan kasuwa sun sauko daga Duwala da Dubai, sai a jero mana kat-kat, wato manyan motoci masu jan ƙafa huɗu, a garaji: Prado, Land Cruiser, Pajero, wata ma da igiya aka jawo ta. Ciwon iri ɗaya ne. An murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas-ƙas, ta yi shiru. Maigida ransa a ɓace, domin a ganinsa ya yi abin da ya dace: ya bar makulli hannun yaron gida, ya ce kullum da safe a tayar da ita. To wannan umarnin ne ya kashe batir ɗin, kuma a kansa zan fi daɗewa. Amma bari mu fara da inda motar za ta kwana.

Wurin ajiya

Inuwa ake nema, amma ba kowace inuwa ba. Mutanen Marwa sun fi kowa son cusa mota ƙarƙashin darbejiya, tunda garin cike yake da ita. Na wuni ɗaya babu laifi. Na wata biyu kuwa, kashin tsuntsaye da 'ya'yan itacen za su zube a kan fenti, ranar Afrilu mai wuce digiri 40 ta gasa su, su bar tabon da sabulu ba ya fitarwa. In iskar farkon damina ta taso, reshe ɗaya ya isa ya tsaga gilashin gaba. Rumfar kwano mai tsawo wadda iska ke ratsawa ita ce daidai, ƙasanta siminti ko aƙalla tudu mai tsakuwa. Wanda gidansa ke kusa da Binuwai a Garwa, ko bakin Logon da Shari a Kusuri da Njamena, in tafiyarsa za ta faɗa tsakanin Agusta da Oktoba, ya nemi gidan ɗan'uwa a kan tudu. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Motocin yanzu wayoyi ne da na'urori shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru da darduma, ruwa ya kai nan magana ta wuce ta batir.

Ka wanke ta, ta bushe sarai, sannan ka lulluɓe. Ƙurar da ke ƙarƙashin mayafi, iska na kaɗa shi dare da rana, cin fenti take yi. Tamfol na leda kuwa ni ban yarda da shi ba ko kaɗan, da bazara ya tara zafi, da damina ya tara gumi. Ko mayafin yadi, ko a bar ta haka nan in rumfar mai kyau ce.

Ka ƙara wa tayoyi iska kaɗan a kan abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, domin motar da ta haura tan biyu in ta daɗe tsaye wuri guda, tayar kan lotsa ta gefen da ke ƙasa. Kada ka ja birkin hannu, yakan manne, musamman da damina. Sa giya a P, ko ta ɗaya in ta hannu ce, ka tokare tayoyi da katako ko bulo. Tanki gara ya kwana a cike don kada raɓa ta taru a ciki, amma da man gidan mai, ba zuwa-zuwa ba, wato man kwalba na bakin titi.

Sai ɓera. Ka share cikin motar tas, ɓawon gyaɗa, ƙwallon dabino, ledar biskit ta yara da ta shige ƙarƙashin kujera. Ɓeran da ya shigo neman gyaɗa ba ya fita sai ya ɗanɗana wayoyi, kuma neman wayar da ya yanke a cikin Land Cruiser aikin kwana da kwanaki ne. Ka toshe bakin salansa da soson ƙarfe na wanke tukunya, ka rubuta a takarda cewa ka toshe, ka liƙa a kan sitiyari.

Katanga da ƙofar ƙarfe kowa ya san da su. Abin da ake mantawa, a abin da nake gani, motar da aka ajiye ba kasafai ɓarawon waje ke taɓa ta ba. Na gida ne ke ɗan kai amarya da ita, ko aboki ya zo da kalamai masu daɗi ga uwargida. Ka ɗauki hoton lambar kilomita da wayarka a gaban kowa, a san ka ɗauka. Kat-giriz, wato takardar rajistar mota, da takardar asiransi, wato inshora, kada su kwana a cikin mota, domin mota da takardunta a hannu ɗaya ba ta da wuyar tsallake iyaka, ga Najeriya nan kusa, ga Chadi. Ka sa ƙarfen kulle sitiyari. In mai fetur ce, ka sa makanikenka ya nuna maka fis ɗin famfon mai, ka zare shi ka tafi da shi a aljihu. Wannan ko dala ba ta cinka.

Batir

Duk lokacin da aka murɗa makulli, sitata na zuƙar wuta mai yawan gaske, ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙu kaɗan, ta gazuwal, wato dizal, ma ta fi ta fetur ci. Abin da ke mayar da wannan wutar shi ne altaneta, shi kuwa ba ya ba da caji na kirki sai inji na gudu sosai. Yaro ya tayar da mota, ta yi gurnani minti biyar a tsaye, ya kunna rediyo da na'urar sanyaya don ya ɗan ji daɗin kujerar Alhaji, ya kashe. Abin da aka ɗiba ya fi abin da aka mayar. Gobe haka, jibi haka. Daidai yake da rumbun da ake ɗiban tiya kullum ana mayar da rabin tiya. In ka dawo ya ce maka, "Wallahi Baba ban taɓa fashi ba, kullum sai na tayar da ita," gaskiya ya faɗa, kuma laifin ba nasa ba ne.

Zafin garuruwanmu yana ƙara dagula lamarin. Ko babu abin da ke jan wuta, batir na zubar da cajinsa a hankali, kuma gwargwadon zafi gwargwadon saurin zubar. Ga ƙananan maciya da ba sa barci: agogo, ƙararrawar ɓarayi, kwamfutar mota, na'urar bin sawu in ka sa. Batirin da ya zauna makonni babu caji, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantan dalmar da ke cikinsa. Da zarar ya yi tauri, ko an kai shi caji ba ya riƙewa. Shi ya sa za ka ga an ja wuta daga wata mota, ta tashi, an yi murna, washegari da asuba ta sake ƙi.

Ga yadda ake yi. Da farko ka auna. Ƙaramar na'urar awon wuta tana nan a shagunan kayan lantarki, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma mai kat-kat bai kamata a ce ba shi da ita ba. Ka auna da safe, bayan motar ta kwana ba a taɓa ta ba. Volt 12.6 ko sama kaɗan, batir a cike yake. In 12.4 ne, ya fara sauka. In 12.2 ne, rabi ya tafi. Ƙasa da 12, kada ka ajiye mota a kansa. Sannan ka tayar da inji ka sake aunawa: ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. In bai kai ba, altaneta ne ke da matsala, ka gyara shi kafin tafiya, in ba haka ba sabon batir ma haka zai bi.

Batir a cike ake ajiye shi. Ka yi mata tafiya ta gaske, kamar daga Garwa ka kama hanyar Pitowa ko ta Ngong ka dawo, minti 40 ko awa guda ba tsayawa, ko ka kai shi wurin masu caji ya kwana. In mai murafu ne, ka buɗe ka leƙa: ruwa ya rufe farantan. In ya sauka, ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa. Ba na rijiya ba, ba na famfo ba, ba na leda ba. Asid kuma ba a ƙara shi, domin ruwan ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Akwai masu gyara a bakin titi da za su ce maka bari su "sabunta" shi da asid, kada ka yarda.

Yanzu cire kai. Kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu, domin wasu motocin kan kulle kansu in wuta ta motsa. Da sifana mai lamba 10 a yawancin Toyota, ka fara kwance baƙar waya, mai alamar ragi. Ita ce farkon fita, ita ce ƙarshen komawa. Dalili: jikin motar gaba ɗaya haɗe yake da ita. In ka fara da jar waya, mai alamar ƙari, sifana ta taɓa ƙarfen mota, tartsatsin da za ka gani ya isa ya narkar da bakin sifanar, ya ƙone maka hannu, in da zobe a yatsa abin ya fi muni. Ka naɗe bakin wayar da tsumma, ka ture ta gefe yadda ba za ta koma ta taɓa ba. Wasu Land Cruiser masu gazuwal batir biyu gare su, kuma nan ne sababbin shiga ke cin tuwon kuskure: su cire ɗaya su bar ɗaya, mota na nan tana tsotsa. Duka biyun ake cire wa baƙar waya.

In ka ga wani gari fari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kan batir, ka zuba masa ruwan zafi da ɗan bikarbonat, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ya bushe, ka shafa basilin. Saman batir ɗin ma ka goge shi, ƙurar hunturu in ta sha danshi tana jan wuta tsakanin kawunan biyu.

Tafiyar da ta wuce wata biyu, ni sai na ce a ciro batir ɗin gaba ɗaya, a kai shi ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da murhu da yara, a riƙa kai shi caji wata-wata. Wannan aikin ne ya dace a bar wa yaro, ba makulli ba. Kuma motar da babu batir a cikinta ba ta zuwa biki.

Saura masu na'urar bin sawu, waɗanda ba sa son a yanke wuta. Su nemi ƙaramin caja mai hankali, wanda ke tsayawa da kansa in batir ya cika. Tunda wutar gari ba ta da tabbas, faifan sola ƙarami a kan rumfa ya fi, amma dole da na'urar daidaita caji a tsakani. In ka haɗa faifan kai tsaye, ranar nan tamu za ta dafa batir ɗin har ruwansa ya ƙafe. Caja na masu gyara, babba mai ƙugi, ba a barin sa a jikin batir kwana da kwanaki.

Ranar dawowa: jar waya da farko in ka ciro batir ɗin gaba ɗaya, baƙa a ƙarshe, ka ɗaure tam, ka mayar da fis, ka zare soson salansa. Agogo zai koma sifili, wani rediyon zai nemi lambar sirri, don haka ka neme ta tun kafin ka tafi.

Baƙin gilashi

Masu ajiye mota a fili sukan ce bari su liƙa baƙar leda don kada rana ta fasa musu dashbod. Kafin ka kashe ko sisi, ka san matsayin doka. A 2015, bayan hare-haren Boko Haram, hukumomin Chadi da na jihar Arewa Mai Nisa a Kamaru sun hana yawo da motoci masu baƙin gilashi, kuma har yau abu ne da jandarma da 'yan sanda ke sa wa ido a shingaye. Ka je ofishinsu na garinku ka tambayi abin da aka yarda da shi da takardar da ake buƙata. Kada ka ɗauki maganar mai liƙawa, shi cinikinsa yake nema, kuma ba zai kasance tare da kai ba ranar da za a sa ka ɓare ledar da farcenka a kan hanyar Mora.

Lambar da ke jikin leda tana nufin hasken da ke wucewa: 5 cikin ɗari ita ce baƙa wuluk, 35 tsaka-tsaki, 70 kusan fara. Duhu daban, tare zafi daban. Leda mai rini, ta araha, duhu kawai gare ta, shekara ɗaya biyu ta koma launin shunayya tana kumbura. Araha ba ta ado. Mai ƙarfe-ƙarfe a ciki tana tare zafi amma takan rage ƙarfin waya da na'urar bin sawu. Ta siramik ita ce zaɓina: ko mai haske ce tana rage zafi, ba ta jawo maka tsayawa a shinge. Gilashin gaba kuwa a bar shi, a sa masa abin tare rana mai ninkewa in an faka. Wanda ya taɓa tuƙi da dare tsakanin Garwa da Ngaundere, ga shanu ga babura marasa fitila, ya san dalili.

Ta ciki ake liƙawa, a ɗakin da aka rufe aka yayyafa wa ƙasansa ruwa. Da hunturu a bakin titi, duk ƙwayar ƙurar da ta shiga ta zauna ke nan. A wanke gilashi sarai, a fesa ruwa mai ɗigon sabulun jarirai, a shimfiɗa leda, a matse ruwan da roba daga tsakiya zuwa gefe. A gilashin baya kada reza ta taɓa siraran layukan nan masu ɗumama shi. Kada a sauke gilashi sai bayan kwana uku zuwa biyar, ƙananan kumfar ruwa za su bushe da kansu, ba a fasa su da allura. Wajen gogewa kuma tsumma mai laushi da ruwa kawai, ban da maganin goge gilashi mai amoniya.