Yadda za ka shawo kan mahaifiyarka ta je a auna ƙarfin ƙashinta

Ka ce wa mace mai shekara 68 ta je asibiti alhali babu inda ke mata ciwo, amsar a bakinta take: "Ni lafiyata ƙalau, me za a auna?" Kuma ba gardama take yi ba. Zaizayewar ƙashi ba ta zuwa da zafi ko zazzaɓi. Ƙashin ne ke zama kamar icen da gara ta cinye ta ciki, ba a farga sai ranar da santsi ya ɗebe ta a banɗaki, ƙugu ko wuyan hannu ya karye. Kusan mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 takan gamu da irin wannan karaya.

Da farko, duba ko lokacinta ya yi. Likitoci na ba duk macen da ta kai 65 shawarar yin awon. Wadda ba ta kai ba amma jinin al'ada ya ɗauke mata, ita ma ta je idan ta taɓa karyewa daga 'yar faɗuwa, ko ɗaya daga cikin iyayenta ya taɓa karaya a ƙugu, ko ta sha ƙwayar prednisolone (maganin rage kumburi) wata uku ko fiye, ko siririya ce sosai, ko al'adar ta ɗauke kafin 45. Da zarar al'ada ta tsaya, sinadarin istirojin da ke kare ƙashi yakan ragu, zaizayar sai ta ƙara sauri.

Na biyu, kuma a nan aka fi yin kuskure: kada ka buɗe magana da sunan cuta. Fara da abin da ita ma ta gani. Rigar da a da take tsaya mata a idon sawu yanzu tana sharar ƙasa. Kantar da take miƙa hannu ta ɗauko kofi, yanzu sai ta yi ɗage. Raguwar tsawo da santimita 4, ko ranƙwafewar baya, kan nuna wasu ƙasusuwan baya sun lotsa. Sai ka ce, "Mama, kamar kin rage tsawo, bari mu gwada a jikin bango." Ka bar alamar fensir ta yi maka bayani.

Labaran tsoratarwa kuwa, ajiye su. A ganina tsofaffi ba karayar suka fi tsoro ba, kwanciya suke gudu, a ɗaga su a kwantar, a raka su banɗaki. To ta nan za ka shiga: "So nake ki ci gaba da zuwa inda kike so da ƙafarki."

Na uku, faɗa mata yadda awon yake tun kafin ta tambaya. Sunansa DXA. Babu allura, babu ɗibar jini, ba a rufe mutum cikin na'ura. Za ta kwanta rigingine da kayanta, hannun na'urar ya bi ta saman ƙugu da baya na minti 10 zuwa 20. Hasken da ke ratsa jiki bai kai na hoton ƙirji ba. Ta sa kaya marasa zif ko maɓallin ƙarfe, ta kuma dakatar da ƙwayar kalsiyam awa 24 kafin a yi.

Na huɗu, kai za ka nemo rana, kai za ka raka ta. "Ki daure ki je" ba ya kai kowa asibiti. Inda babu na'urar, likita na iya amfani da lissafin FRAX, wanda ke ƙiyasta haɗarin karaya cikin shekara 10 daga shekaru, nauyi, tsawo da tarihin lafiya.

Ranar karɓar sakamako ku shiga tare. Makin T, wato lambar da ke nuna ƙarfin ƙashi a sakamakon, daga -1 zuwa sama lafiya lau ne, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara rauni, -2.5 zuwa ƙasa cutar ce. Akwai magani. Idan aka rubuta alendronate, yawanci sau ɗaya ake sha a mako, da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30. Rubuta mata ranar shan da manyan baƙaƙe, ka manna a jikin madubinta.