Kada ka kai mota alaimen a ranar da ka ɗaga ta

Idan ka sa wa motarka ta shiga daji sababbin sifirin domin ƙara mata tsayi, ka dakata 'yan kwanaki kafin ka biya kuɗin alaimen, wato daidaita kusurwar tayoyi.

Dalili shi ne sabon sifirin yana ɗan zama bayan ya ɗauki nauyi, kuma da tsayin motar ya sauya, kusurwar tayoyin gaba ma ta sauya, sai aikin da ka biya ya tashi a banza. Ni sau biyu na biya kafin na gane.

Kafin lokacin, ka duba da kanka. Ka tsayar da motar a daidaitaccen wuri, sitiyari a miƙe, ka yi alama da alli a tsakiyar kowace tayar gaba, ka auna tazarar da ke tsakaninsu ta gaba da ta baya a tsayi ɗaya. A yawancin irin waɗannan motoci, awon gaba ya kan gaza na baya da milimita 1 zuwa 3 kacal. Idan bambancin ya zarce haka sosai, a daidaita tayarod, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba idan an murɗa sitiyari, nan take, domin taya za ta cinye ta gefe ɗaya.

Ranar alaimen kuwa, ka je da kayan da ka saba ɗauka a motar, domin ta zauna a tsayin da ta saba.

Wannan dabara ta awo da daidaita tayarod ba ta gyara kasta, wato kusurwar da ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Ɗagawar da ta wuce inci 2 ta kan rage ta, motar ta riƙa yawo a kan titi, kuma sai an sauya bushin ko hannuwan da ke riƙe aksul. Haka nan idan boljoyin, wato gaɓar da tayar gaba ke juyawa a kanta, ya saki, awon tef ba zai faɗa maka gaskiya ba.