Yadda za a koya wa mawaƙan majami'a sabuwar waƙa mai murya huɗu

Ƙungiyoyin mawaƙa da dama a majami'un ECWA, COCIN da EYN da kunne suke koyon waƙa, ba kowa ne ke karanta rubutun sautin waƙa na do-re-mi ba. Don haka tsarin da mai koyarwa ya bi shi ne rabin aikin.

A ƙungiya mai mutum 20, a raba kamar haka: murya ta ɗaya (mata, ta sama) 7, ta biyu (mata, ta ƙasa) 5, ta uku (maza, ta sama) 4, ta huɗu (maza, mai kauri) 4. Idan maza sun yi ƙaranci, kada a tilasta wa mai siririyar murya ya sauka can ƙasa don a cike gurbi, gara waƙar ta tafi da murya uku.

Kafin a taɓa karin waƙa, a karanta kalmomin tare da tafi, layi-layi. Nan ne ake kama matsalar da ta fi damun waƙoƙin da aka juyo daga Turanci zuwa Hausa. Hausa tana da dogon wasali da gajere, kari kuwa bai san wannan ba. Idan dogon sauti ya faɗa kan "ga" na gari, to birni ya koma garin tuwo. Inda aka ga haka, a matsar da gaɓar ko a rage jan, ko da littafi ya nuna a ja. Jama'a ma'ana suke bi.

Sai kowa ya koyi murya ta ɗaya tukuna, har da maza. Daga nan a koma ta huɗu, domin ita ce ginshiƙi, a haɗa su biyun. Ta uku ta biyo baya. Ta biyu a ƙarshe, don ita ce mai saurin ɓacewa: sautinta yana kusa da na ta ɗaya, sai ka ji matan sun zame sun bi 'yan'uwansu ba su sani ba. Maganinsa a raba su da tazarar taku biyu ko uku lokacin koyo, a sa mai ƙarfin kunne a tsakiyarsu. Kada a wuce layi biyu kafin a haɗa muryoyin.

Abin da ya fi lalata waƙa shi ne saukar murya. A fara a sautin G na kibod, kafin baiti na uku an gangaro kusa da F da ke ƙasa da shi. Dalili kusan kullum numfashi ne: an tanƙware a kan benci, an riƙe takarda a cinya, ko ana jan waƙar fiye da kima. A tashi tsaye, takarda daidai ƙirji, a sa alama da fensir inda za a shaƙi iska. A dogon layi, a riƙa numfashi karɓa-karɓa, kada duka su yanke lokaci ɗaya. A gwada: a ba da sautin farko a kibod, a rera baiti ba kiɗa, a sake taɓa sautin a ji ko an sauka.

Ganga da tulu da kacau-kacau su shigo bayan muryoyi sun zauna, don kiɗa yana rufe kuskure.

Shirin Kirsimeti kan faɗo cikin hunturu, maƙogwaro a bushe. A fara da minti 10 na gunji da baki a rufe, kowa ya zo da ruwan ɗumi, kuma kada koyon waƙa ya wuce awa ɗaya da rabi.