Yadda za ka tono tarihin garinku daga takardun shari'a, dabarar mutanen Ailan

Ƴan uwa na Tawa da kewaye masu son rubuta tarihin garinsu ko unguwarsu, akwai wata dabara da masu tarihi na ƙasar Ailan suka daɗe suna aiki da ita, ina ganin za ta yi mana amfani. Can za ka tarar da lauya ko malamin makaranta ya ƙare rayuwarshi kan tarihin gari guda, kuma takardun kotu na cikin abin da ya fi dogara da su. Dalili kuwa, jerin sarauta sarakuna kawai ya sani, shi talaka sunanshi bai shiga takarda sai ran da ya yi rigimar gona ko gado ko bashi, ko ran biyan lampo.

Wahala ce ta koya musu fa. Ran 30 ga Yuni 1922, farkon yaƙin basasarsu, gidan ajiyar takardun ƙasa da ke Four Courts, wato harabar manyan kotuna a Dublin, ya ƙone, takardun ɗaruruwan shekaru suka tafi, wasiyyoyi da kusan duk ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851. Sai suka koma ga abin da aka ajiye a wasu wurare, kamar kundin Griffith na 1847 zuwa 1864 da aka yi don haraji wanda ya rubuta wa ke zaune a wace gona kuma daga hannun wa ya yi haya, da ofishin rajistan cinikin filaye da ke aiki tun 1708, da rajistan ƙananan kotuna inda za ka ga an kai mutum ƙara don saniyarshi ta shiga gonar maƙwabci. Wannan kam ba sai an yi ma ɗan Adar bayani ba.

To kai ka fara daga gida, kar ka yi gaggawar shiga mota zuwa Yamai. Ka nemi akwatin baba ko na kaka, rasit ɗin lampo, takardar sayen gona, rabon gado da malam ya rubuta da ajami, har tsohuwar takardar haihuwa. Kar ka ce a ba ka, ba mai ba ka takardar gonarshi, ka ɗauki hoto da waya gaba da baya nan take gaban mai ita, ka rubuta gidan wa ka gan ta da ranar.

Daga nan sai tsofaffi, kuma nan ne aikin yake. Kar ka tambayi tsoho wace shekara, zai ba ka lamba don ya sallame ka. Ka ce Baba, lokacin da aka raba gonar nan kafin yunwar El Buhari ne ko bayanta, wannan 1984 zuwa 1985 kenan, in labarin kakanni ne ka auna da Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko ka tambayi wane sarki ke kan gado, wane kumandan ke Tawa. Ka je wajen tsofaffin mata su kaɗai ba gaban maza ba, su ke riƙe da wa ya auri wa, kuma rabin rigimar gado daga nan take tasowa. Ailan ma sun yi haka, daga 1937 zuwa 1939 aka tura ƴan firamare sama da dubu 50 suka rubuto labarai daga bakin iyaye da kakanni, littattafan na nan har yau a intanet. In kai mushe ne a lakwal ga aiki nan kyauta.

Sai ka tara wannan kafin ka je Yamai. A gidan ajiyar takardun ƙasa ka nemi rahotannin rangadin kumandoji da bayanan da suka rubuta kan yankin Tawa, da abin da ya shafi kotunan gargajiya na zamanin Faransa. A IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami wanda asalinshi tarin Boubou Hama ne, CELHTO kuma, cibiyar nazarin harsuna da tarihi da ke nan Yamai, tarihin baka suke ajiyewa. Wasu takardun suna Dakar tunda can ne hedikwatar Afirka ta Yamma ta Faransa, wasu Aix-en-Provence a Faransa. Ka nemi sunan garinku da kowane irin rubutu, bature ya rubuta Tahoua mu mun ce Tawa, Bouza mun ce Buza, ƙauyenku kuma Allah kaɗai ya san yadda kunnenshi ya ji.

Kuma don abu na rubuce da faransanci da hatimi ba shi ke nan gaskiya ba. Maganar ta bi ta bakin tafinta kafin ta kai alƙalami, kuma har 1946 dokar indijena ta ba kumandan damar hukunta mutum ba tare da shari'a ba, wanda ya tsaya gabanshi abin da zai fisshe shi yake faɗi. In takarda da tsoho sun saɓa ka rubuta duka biyun da sunan inda ka samo kowanne, kar ka zaɓi wanda ya yi ma danginku daɗi. Na rigingimun baya-bayan nan kuma ka leƙa kwamitin kula da filaye na komin ɗinku, Cofo ɗin nan da suka biyo bayan dokar karkara ta 1993.

Abu guda da nake roƙo, maganar iyakar gona da maganar asalin bauta ba a zuba su a Facebook da sunayen mutane, jikokin suna raye kuma kasuwa guda kuke ci. Ka cire suna ko ka nemi izinin gidan tukuna. Hotunan da ka ɗauka kuma kar su zauna a waya guda, ka tura ma wani ɗan uwa kwafi, ka buga wasu a takarda ka sa cikin akwatin ƙarfe saboda gara da ruwan damina.