Yadda ake lallaɓa silin albashi a NFL idan kasuwar 'yan wasa ta buɗe

Duk tsakiyar watan Maris sai ka ji ana ta cewa wane ya sa hannu a kan dala miliyan 100, to in dai kai ne ke riƙe da aljihun kulob a NFL, wato gasar ƙwallon Amurka, fara ajiye wannan babban adadin a gefe. Tambaya biyu ce a gabanka, nawa ne garanti a ciki, wato kuɗin da dole a biya ɗan wasa ko an sallame shi, kuma a wace shekara kuɗin zai hau kan silin.

Silin shi ne iyakar abin da kowanne cikin kulob 32 zai kashe a kan 'yan wasa a shekara. An fara shi a 1994 da dala miliyan 34.6, a 2025 ya kai miliyan 279.2. Kusan kullum sama yake yi, shi ya sa wasu manajoji ke cin bashin gobe hankali kwance, amma ka tuna 2021 da korona ta sa ya sauko daga 198.2 zuwa 182.5, kulob da yawa sai da suka sallami 'yan wasan da suke so dan dole.

Kafin ka kira ejan ko ɗaya, wato wakilin ɗan wasa, zauna ka san ainihin abin da ke hannunka. Dole ka kasance ƙasa da silin ranar da sabuwar shekarar gasa ta fara, kuma a wannan lokacin manyan kwantiragi 51 kawai ake lissafawa. Haɗa da rarar bara tunda doka ta yarda a tsallako da ita. Daga nan ware kuɗin yaran da za ka ɗauka a diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, a watan Afrilu, ka ƙara ware wani abu saboda rauni, don wallahi babu kakar da za a gama ba ka nemi ɗan cike gurbi ba. Abin da ya saura shi ne naka na shiga kasuwa.

Yanzu ga inda aikin yake, kuɗin sa hannu. Ɗan wasa yana karɓarsa tun farko amma a lissafin sili raba shi ake yi daidai wa daida a kan shekarun kwantiragin, iyaka shekara 5. Mu ɗauka ka ba wani miliyan 80 na shekara 4, miliyan 24 kuɗin sa hannu, albashi kuma 2, 14, 18, 22. Kowace shekara miliyan 6 na kuɗin sa hannun zai hau, kenan bana miliyan 8 kacal zai ci maka duk da 26 ta shiga asusunsa, baɗi 20, sai 24, sai 28. Idan bayan shekara biyu ƙafarsa ta yi sanyi ka sallame shi, miliyan 12 ɗin da ta rage gaba ɗaya za ta faɗo maka lokaci guda, shi ne ake kira mataccen kuɗi, kana biya a takarda mutum kuma yana can yana buga wa wani. Denver Broncos sun ɗanɗana a 2024 da suka saki Russell Wilson, miliyan 85 suka haɗiye, suka raba ta shekara biyu ta hanyar dokar bayan 1 ga Yuni, wadda ke bari a raba mataccen kuɗin wanda aka sallama bayan wannan rana tsakanin bana da baɗi. Mutum biyu kawai ake yarda ka sallama da wuri a ƙarƙashin wannan doka, kuma sararin ba zai buɗe maka ba sai Yuni, lokacin kasuwa ta watse, saboda haka kar ka sa shi cikin lissafin Maris.

Sai maganar sake fasalin kwantiragi, wadda ni a ganina ita ce ta fi yaudarar mutane. Ka ɗauki miliyan 16 daga albashin shekara ta uku ka mayar da ita kuɗin sa hannu, ka samu sararin miliyan 8 yau, ɗan wasan ma murna yake don an biya shi da wuri, amma takwas ɗin tana jiranka baɗi, kuma sallamarsa ta ƙara tsada. New Orleans Saints sun yi shekaru suna wannan, duk Maris sai an sake tura bashi gaba kafin a iya numfashi. Ban ce haramun ba ne. Idan kana da kwatabak na gaske, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, kuma kofi na kusa, yi, har ka ƙara shekarun bogi a wutsiyar kwantiragi don rabon ya yi faɗi. Amma ka yi wa wanda ka tabbata zai kai shekara biyu ko uku yana taka leda, ba ɗan shekara 32 mai ciwon gwiwa ba.

Garanti kuwa ka riƙe shi da kyau. Cleveland Browns sun ba Deshaun Watson miliyan 230 garanti gaba ɗaya a 2022, da abu ya ƙi tafiya babu ƙofar fita. Ka tsara naka yadda garantin zai ƙare a shekara ta biyu.

Ɗan wasanka da kwantiraginsa ya ƙare kuma ba ku daidaita ba, akwai dokar da ake kira tag da ke ba ka damar riƙe mutum ɗaya na shekara guda, sai dai duk kuɗin bana zai hau, ba a raba shi, gara ku ƙulla dogon kwantiragi kafin wa'adin tsakiyar Yuli.

Kwana biyun da ake buɗe ƙofar magana da ejan kafin a fara sa hannu, nan farashi ke hauka, kowa na tsoron a riga shi. Zaɓi gurbi ɗaya ko biyu da ba ka da yadda za ka yi, rubuta farashin da ba za ka wuce ba tun kafin waya ta fara ƙara, sauran ka jira sati na biyu, za ka samu ƙwararru da kwantiragin shekara ɗaya a arha. Kuma ka riƙa ƙirga nawa suka fita nawa suka shigo, don idan naka da suka tafi sun fi waɗanda ka kawo ana iya ba ka ƙarin zaɓi a diraf na baɗi, daga zagaye na 3 zuwa na 7, har guda huɗu. Ɗan wasan da kulob ɗinsa ya sallama ba ya shiga wannan ƙirgan, shi ya sa nake fara duba jerin waɗanda aka saki kafin na waɗanda kwantiraginsu ya ƙare.