Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Asid ko Soda Ta Zube, ko Gobara Ta Tashi Kusa da Su

Daga rumfunan masu cajin batir a Gusau zuwa gidajen da mata ke haɗa sabulun ruwa, har wajen masu tace zinari a yankin Anka da Maru, mutane da yawa a Zamfara suna mu'amala kullum da sinadaran da ke cin fata da ƙarfe. Ruwan batir asid ne, sodar haɗa sabulu kuwa, wadda ake kira kostik, ba ta gaza shi ɓarna ba. Abin da na lura da shi shi ne, idan tsautsayi ya afku, inda ya kamata a kwarara ruwa nan ake rowarsa, inda kuma ya kamata a nisantar da shi nan ake sheƙa shi.

A jikin mutum ake yin rowar. Na taɓa ganin ruwan batir ya fallatsa wa wani yaron shago a hannu, kafin a ankara wannan ya ce a kawo manja, wancan ya ce man goge baki ya fi, alhali ga jarkar ruwan alwala a gefen benci. Manja da ɗanyen ƙwai da baƙin mai duk rufe sinadarin suke yi a kan fata ya ci gaba da cinta. Abin yi shi ne a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a wurin aƙalla minti 20 ba tsayawa, a cire agogo da zobe, rigar da ta jiƙe kuma a yanke ta da almakashi maimakon a zare ta ta kai ta shafi fuska. Idan busasshiyar soda ce, a fara kakkaɓe ta kafin a zuba ruwa. Sodar ma ta fi yaudara, domin da farko santsi kawai ake ji kamar na sabulu, raɗaɗin sai daga baya, lokacin da ta riga ta ratsa nama. Idan a ido ne, a karkatar da kan, a buɗe fatar idon da yatsu, ruwan ya riƙa gangarowa daga wajen hanci zuwa wajen kunne don kada ya gangara cikin ɗaya idon.

Yaron da ya sha irin wannan ruwa, wanda galibi a gorar lemo ake ajiye masa tarkon, kada a sa shi amai, domin abin da ya ƙona maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fita. A kuskure masa baki a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a Gusau kuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, tare da gorar don likita ya san abin da aka sha.

A ƙasa kuma lamarin ya sha bamban. Sheƙa bokitin ruwa a kan asid mai ƙarfi yana sa shi ya yi zafi nan take ya yi tsartuwa, sannan ya malala kwata ko ya nufi rijiya. Busasshen yashi ake kewaye shi da shi tukuna, sannan a rufe. Idan ɗan kaɗan ne, ana iya barbaɗa dakakkiyar kanwa daga gefe zuwa tsakiya har kumfa ta daina tashi, amma a ƙasa kaɗai, ba a jikin mutum ba. Dussar katako da tsumma ba sa cikin lissafi, don asid mai ƙarfi yana iya ƙona su har wuta ta kama. Wajen kwashewa a sa safar hannu ta roba, a zuba a bokitin roba mai kauri, domin asid da soda duka suna cin alminiyam da kwano su fitar da iskar haidurojin mai saurin kamawa da wuta. Haka nan kada a wanke wurin da bilic, haɗuwarsa da asid tana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.

Su kansu waɗannan ruwaye ba kasafai suke kamawa da wuta ba, abin da ke kewaye da su ne yake ci. Ƙaramar wuta ana kashe ta da tukunyar kashe gobara mai hoda ko busasshen yashi, bayan an katse lantarki, kuma kada a bari ruwa ya shiga cikin duro ko jarkar asid.

Babban kuskuren kan hanya shi ne rugawa wajen tankar da ta faɗi da zaton mai ne ke zuba. A duba alamar da ke jikinta daga nesa: samanta fari, ƙasanta baƙi, da hoton ruwa yana ɗiga a kan hannu da ƙarfe, da lamba 8. Idan an ga wannan, a ja da baya aƙalla mita 50, a tsaya a tudu ta ɓangaren da iska ke tasowa, idan kuma wuta ta kama tankar a nisanta har mita 800. Daga can sai a kira 112 ko 'yan kwana-kwana, a faɗa musu lambar da aka gani da kuma inda ruwan ya nufa.