Darasi na 9: Zaɓen fayiloli da alamomi a baƙin allo

A darasin da ya gabata mun buɗe baƙin allo, wato taminal, mun koyi `ls` mai nuna abin da ke cikin folda, da `cd` mai shiga folda, da `cp` mai kwafi, da `mv` mai sauya wa fayil wuri, da `rm` mai gogewa. Kowane lokaci fayil ɗaya muke kira da cikakken sunansa. Hakan ya isa in fayilolin biyar ne ko shida. Amma sakataren ƙungiyar manoma da ya juye hotunan wayarsa na shekara biyu cikin kwamfuta, ko mai shagon buga takardu a Zengo da rasit suka taru masa jibgi, ba zai yini yana rubuta suna bayan suna ba. Akwai alamomi ƴan kaɗan da ke tsayawa a madadin haruffa, har layi ɗaya ya kira fayil ɗari. Su za mu koya yau.

Shirya wurin gwaji

Kada kowa ya gwada darasin nan a kan takardun aikinsa na gaske. Ku buɗe sabuwar folda, wadda a ofisoshinmu ake ce wa dosiye, ku zuba mata fayilolin da babu komai a cikinsu:

`mkdir gwaji`
`cd gwaji`
`touch gero_2023.txt gero_2024.txt dawa_2024.txt wake_2024.txt`
`touch rasit1.pdf rasit2.pdf rasit10.pdf rasit_tsoho.pdf taro.JPG`
`touch IMG-20240812-WA0003.jpg IMG-20241105-WA0011.jpg`

Sunaye biyun ƙarshe irin waɗanda WhatsApp ke bai wa hoto ne a wayar Android: shekara, wata, rana, sannan lamba. Na farkon na ranar 12 ga Agusta 2024 ne.

Yawancin kwamfutocin da ke hannunmu a Damagaram masu maɓallan Faransanci ne, waɗanda jerin haruffansu na sama ya fara da A Z E R T Y. A kansu tauraro `*` yana dab da babban maɓallin Entrée. Alamar tambaya `?` tana fitowa in an danne Maj tare da waƙafi. Baka mai kusurwa `[` tana kan lamba 5, sai an danne AltGr, abokiyarta `]` kuma tana kan maɓallin da ke bin sifili. Ku neme su yanzu da yatsa, don neman alama a tsakiyar aiki shi ke sa mutum ya manta abin da yake son rubutawa. Wanda ba shi da kwamfuta a gida yana iya sa manhajar Termux a wayarsa ta Android, duk umarnin nan suna aiki a cikinta.

Tauraro, alamar tambaya da baka

Tauraro yana nufin kowane irin haruffa, komai yawansu, ko ma babu ko ɗaya. Ku rubuta:

`ls *.txt`

Fayil huɗu za su fito: dawa, gero biyu, da wake. `ls gero*` kuma zai kawo na gero kaɗai. Yanzu ku gwada `ls *2024*`, amma kafin ku danna Entrée kowa ya faɗi nawa yake tsammani. Da yawa za su ce uku. Biyar ne, domin hotunan nan biyu su ma akwai 2024 a cikin sunansu. Tauraro bai san hatsi ba, bai san hoto ba, haruffa kawai yake dubawa. In na hatsi kuke so sai ku matse shi: `ls *_2024.txt`.

Alamar tambaya harafi ɗaya tak take wakilta, ba ƙari ba ragi. `ls rasit?.pdf` zai kawo rasit1 da rasit2, ya bar rasit10, don shi lamba biyu gare shi. Wannan sai `rasit??.pdf`.

Baka mai kusurwa ita ma gurbin harafi ɗaya ce, sai dai ku ne kuke faɗa mata waɗanda aka yarda su zauna a gurbin. `ls [gd]*` na nufin duk sunan da ya fara da g ko d. Karan ɗori a tsakiya yana nufin daga kaza zuwa kaza, alamar motsin rai a farko kuma tana nufin ban da: `ls [!g]*.txt` zai bar gero ya kawo dawa da wake. Ga inda amfaninta ya fi fitowa. A ce ƙungiya na son ware hotunan gonaki na damina, daga Yuni zuwa Satumba, wato wata na 06 zuwa na 09:

`mkdir damina`
`mv IMG-20240[6-9]* damina/`

Hoton Agusta ya tafi, na Nuwamba ya tsaya. Ko da hoto dubu ne a foldar, layin nan ɗaya ne zai raba su.

Ku lura da abu biyu. A Linux babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne, shi ya sa `ls *.jpg` ba zai nuna taro.JPG ba. Maganinsa `ls *.[jJ][pP][gG]`. Haka ma k da ƙ haruffa biyu ne daban a wurin kwamfuta. In wani ya adana takarda da sunan kasa, wani ya rubuta ƙasa, `[kƙ]asa*` zai haɗa muku su. Na biyu, fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo ɓoyayye ne, tauraro yana tsallake shi.

Wa ke karanta tauraron?

Wannan shi ne wurin da nake so kowa ya natsu, don wanda ya gane shi ya gane rabin darasin. Shirin da ke karɓar abin da kuke rubutawa a baƙin allo ana ce masa shel. Wanda ya fi yawa a kwamfutocin Linux sunansa Bash, Brian Fox ne ya rubuta shi, ya fito a 1989. In kun rubuta `rm *.txt`, shi `rm` bai taɓa ganin tauraron ba. Shel ne ke fara karanta layin, ya leƙa cikin foldar da kuke tsaye, ya cire `*.txt` ya jera sunayen da suka dace a gurbinsa, sannan ya miƙa wa `rm` jerin. Kamar ɗan aike ne da kuka ce wa ya kai duk buhunan da ke zaure wurin mai niƙa: mai niƙa bai ji abin da kuka faɗa ba, buhunan da aka sauke a gabansa kawai ya sani, kuma duk zai niƙe su. Tun farkon Unix, tsarin kwamfuta da Linux ya kwaikwaya, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Bell Labs ta Amurka a 1969, haka tsarin yake. A lokacin wani ɗan ƙaramin shiri mai suna `glob` ne ke yin wannan jerin, daga baya aka shigar da aikin cikin shel kansa.

Kuna iya ganin abin da idonku. Ku sa `echo` a gaban umarnin:

`echo rm *.txt`

Ba abin da zai goge. Allon zai rubuto muku layin yadda shel ya buɗe shi: rm dawa_2024.txt gero_2023.txt gero_2024.txt wake_2024.txt. Ina roƙonku ku mai da wannan ɗabi'a kafin kowace gogewa, domin `rm` ba shi da kwandon shara da za a koma a tsinto abu. Abin da ya goge ya tafi.

Dubi layukan nan biyu da kyau:

`rm *.pdf`
`rm * .pdf`

Bambancinsu fili ɗaya ne bayan tauraro. Na farko rasit kawai zai share. A na biyu shel ya ga kalma biyu: tauraro shi kaɗai, wato kowane fayil da ke foldar, sai wani fayil wai shi .pdf. Zai share rahotanni da hotuna da komai, sannan ya yi ƙorafin cewa bai sami .pdf ba. Babban yatsa ɗaya da ya taɓa dogon maɓalli ya isa ya cinye lissafin ƙungiya na shekara. Wanda hannunsa bai saba ba tukuna ya riƙa rubuta `rm -i`, zai tambaye shi fayil bayan fayil kafin ya taɓa.

Wata ɗaliba tana iya cewa: "Malam, to in ina son tauraron ya isa wurin umarnin da kansa fa?" Hajiya, sai ki rufe shi cikin alamar zance, shel ba ya buɗe abin da ke cikinta. Ana bukatar haka da `find`, mai bin folda da duk ƴaƴan foldar da ke ƙarƙashinta:

`find . -name '*.jpg'`

Zai nemo har hoton da muka kai cikin damina. In aka cire alamar zancen, shel zai riga `find` buɗe tauraron da sunan hoton da ke kusa, binciken ya lalace ba tare da an gaya muku ba.

Rejeks: alamomi iri ɗaya, ma'ana daban

Alamomin shel suna da iyaka. `rasit*.pdf` zai haɗa da rasit_tsoho.pdf, alhali ku masu lamba zalla kuke so, ko lambar ɗaya ce ko uku. Kuma sunan fayil kawai suke dubawa, ba sa shiga cikinsa. A nan ake komawa ga wani tsarin bincike mai zurfi da ake kira rejeks. Asalinsa lissafi ne, daga aikin Stephen Kleene a shekarun 1950, sannan Ken Thompson ya sa shi cikin shirin `grep`, wanda ke bin rubutu layi-layi yana fito da layukan da suka dace.

A rejeks ɗigo ne ke nufin kowane harafi ɗaya. Tauraro kuwa ba ya tsayawa da ƙafarsa: yana nufin a maimaita abin da ya zo kafinsa ko sau nawa ne, ko ma babu shi sam. Saboda haka abin da shel ke rubutawa `*`, rejeks `.*` yake rubuta shi. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Wanda ya rubuta `grep 'gero*' rahoto.txt` yana zaton gero yake nema, amma abin da ya ce shi ne g, e, r, sai o ko akwai ko babu. Duk layin da aka rubuta Niger da rubutun Faransanci zai fito masa, don akwai ger a ciki.

Mu a nan muna da bukatar rejeks fiye da yadda ake zato, saboda garuruwanmu rubutu biyu ko uku gare su, na takardun gwamnati da na Hausa. Ku buɗe fayil mai suna mambobi.txt, ku rubuta sunan gari ɗaya a kowane layi: Mirriah, Mirriya, Miriya, Magaria, Magarya, Tanout, Tanut. Sannan:

`grep 'Mirr*i' mambobi.txt`
`grep 'Magar[iy]a' mambobi.txt`
`grep -E 'Tano?ut' mambobi.txt`

Na farko ya ce Mir, sai wani r in akwai, sai i, don haka rubutun uku duk sun shigo. Baka mai kusurwa aikinta ɗaya a nan da can. A na uku alamar tambaya ta sauya ma'ana: o ɗin da ya zo kafinta yana iya kasancewa sau ɗaya, yana iya rashin kasancewa. Ita da alamar tarawa `+`, mai nufin sau ɗaya ko fiye, suna bukatar a sa `-E`. In ba ku damu da babban harafi ko ƙarami ba, ku ƙara `-i`.

Saura rasit ɗinmu masu lamba. Sanda tsaye `|` tana miƙa abin da `ls` ya fitar ga `grep`. Tana kan AltGr da 6, sanda mai jingina baya `\` tana kan 8, hula `^` tana kan 9:

`ls | grep -E '^rasit[0-9]+\.pdf$'`

Ku karanta shi daga hagu, a hankali. Hula: farkon layi. Sai kalmar rasit. Sai lamba, ɗaya ko fiye. Sanda mai jingina ta ce ɗigon da ke biye ɗigo ne na gaske, ba kowane harafi ba. Sai pdf, sai alamar dalar Amurka mai nufin ƙarshen layi. Sakamako: rasit1, rasit2, rasit10. Tsohon rasit ya tsaya waje.

Kowane rejeks da muka rubuta yana cikin alamar zance, kuma kun riga kun san dalili: in ba a rufe shi ba, shel zai ɗauki tauraronsa da bakarsa a matsayin nasa. Layi ɗaya ma yana iya ɗaukar tsarin biyu:

`grep -lE 'Tano?ut' *.txt`

Abin da ke cikin alamar zance na `grep` ne. Abin da ke waje, `*.txt`, na shel ne, shi zai jera fayilolin da za a bincika. Harafin `l` kuma ya ce a faɗi sunan fayil ɗin da aka sami kalmar a ciki kawai.

Aikin gida

Ku yi shi bibbiyu, ɗaya na rubutawa, ɗaya na faɗin abin da zai fito kafin a danna Entrée. Da farko ku ƙirƙiri hotuna shida na bogi da `touch`, masu sunan WhatsApp na watanni daban-daban, ku ware na Oktoba zuwa Disamba cikin folda mai suna kaka. Ku tuna watannin nan da 1 suke farawa, ba da 0 ba. Bayan haka ku ƙara Gouré da Gure cikin mambobi.txt, ku rubuta rejeks ɗaya da zai kamo su duka biyu. Daga ƙarshe ku goge fayilolin gero kaɗai, amma sai abokin aikinku ya karanta abin da `echo` ya nuna ya ce ya yarda. Ku kwafe layukan da kuka yi amfani da su cikin littafinku na rubutu, ku zo da shi ranar darasi na 10.